Alamar ƙaho da ɗaliban Jami'ar Texas ke yi da hannu: mene ne asalinta?

Yayar_Auta:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah wanda ya san abin nan da gaske ya warware mini, domin tun ranar Asabar gidanmu ba sukuni. Autanmu ya gama digirinsa na biyu a Jami'ar Texas da ke Austin, sai ya turo hotunan bikin yaye su a zauren danginmu na WhatsApp. A hoto ɗaya shi da abokansa biyar, kowa ya ɗaga hannu ya miƙe manuniya da ƙaramin yatsa, ya naɗe na tsakiya biyu ya danne su da babban yatsa. A bayansu akwai wata doguwar hasumiya da aka haske da fitila ruwan goro. Ni murna kawai na yi. Ko minti goma ba a yi ba Kawunmu ya zagaye hannun da jan layi ya sake turowa, ya ce wannan alamar masu bautar shaiɗan ce, yaro ya shiga ƙungiyar asiri. Hajiyarmu tana cin tuwo ta tsame hannu, kuma har yau ba ta ci abin kirki ba. Auta ya ce alamar makarantarsu ce, ƙahon bijimi kawai take nufi. Na yarda da shi, ni na goya shi, na san halinsa. Amma "in ji Auta" ba zai ishi Hajiya ba. Wa ya ƙirƙiro ta? Yaushe? Me take nufi?

Bakano_a_Austin:
Wa alaikumus salam. Da farko ina taya ku murna, Allah ya sanya albarka a karatun. Yaya, ki kwantar da hankalinki. Shekarata tara a garin nan, kuma wannan alamar har tsofaffi masu sanda da jarirai a kafaɗar iyayensu suna yin ta. Sunanta Hook 'em Horns. Ana kiran 'yan wasan jami'ar Longhorns, wato shanu masu dogon ƙaho, kuma ma'anar kalmar kusan ita ce "ku soke su da ƙaho". Kirari ne na filin wasa, ba wani abu ba.

Tana da ranar haihuwa ma. Ranar Juma'a 11 ga Nuwamba 1955 aka yi gangamin zuga 'yan wasa a ɗakin motsa jiki na Gregory, domin washegari za su kara da jami'ar TCU a ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wadda ake rungumar ƙwallon a ruga da ita. Shugaban masu zuga 'yan kallo a lokacin, wani ɗalibi Harley Clark, ya hau dandamali ya ɗaga hannu ya nuna wa dubban ɗalibai, ya ce daga yau wannan ce alamar jami'ar. Ba wanda ya ba shi izini. Washegari filin ya cika da ƙahonni. Hasumiyar da kika gani kuwa ita ce ta tsakiyar makarantar, ana haske ta da ruwan goro in an ci wasa ko an yaye ɗalibai, domin shi ne launin jami'ar.

Mai_Tarihi77:
Bakano ya faɗi daidai, sai dai ya tsallake mutum ɗaya kuma haƙƙinsa ne a ambace shi. Ba Clark ne ya fara tunanin ba. Abokinsa ne, Henry Pitts, yana wasa da inuwar hannunsa a jikin bango, irin wanda muke yi muna yara in an kunna aci-balbal muna fitar da zomo da kare, sai ya ga ta fito sak kan bijimi. Shi ya nuna wa Clark, Clark kuma ya kai ta gaban jama'a. Kuma wasan da aka ƙirƙiro ta dominsa ba su ci ba, TCU ta lallasa su 47 da 20. Duk da haka ba ta mutu ba.

Ummu_Khadija:
Allah sarki Hajiya. Uwa ke nan. Ki fara lallaɓa ta ta ci abinci tukun, bayani ya biyo baya.

Gaskiya_Ɗaya:
Ni fa ban gamsu ba. Ku duba mawaƙan Turai masu baƙaƙen kaya da zanen ƙoƙon kai a riga, wannan alamar ce dai suke yi, ba bambanci ko na yatsa ɗaya. Kawu bai yi ƙarya ba. Yadda suke shigo da abubuwa ke nan, su ce wasa ne, su ce makaranta ce, sai yaro ya saba. Ruwa ba ya tsami banza.

Mai_Tarihi77:
Gaskiya_Ɗaya, ɗan'uwa, ka lissafa shekarun. Mawaƙin da ya yaɗa ta a wannan salon kiɗa, Ronnie James Dio, ya shiga ƙungiyar Black Sabbath ne a 1979. Tsakanin 1955 da 1979 shekara 24 ce. Ɗa ba ya haifar ubansa. Shi ma Dio ya sha faɗa cewa wurin kakarsa 'yar Italiya ya gan ta, tana yi don tsarin kambun baka. Siffar ɗaya ce, na yarda, amma hanyoyin da suka biyo daban ne.

Ɗan_Napoli:
Tunda an ambaci Italiya bari in sa baki, na yi shekaru ina sayar da takalma da jakunkuna a can. Alamar nan tana da fuska biyu a wurinsu. In ka juya yatsun suka kalli ƙasa, tsari kake yi, kamar an ambaci mutuwa ko ciwo kana neman kauce masa. Amma in ka ɗaga su sama ka nuna wa namiji, to ka zage shi zagi mai zafi, ka ce matarsa tana cin amanarsa. Na ga direbobi biyu sun fito daga mota a kan titi sun shaƙe juna saboda ɗaya ya ziro hannu ta taga ya yi wa ɗaya. Don haka ku gaya wa Auta, in Allah ya kai shi Italiya ko Sifaniya, ya ajiye ƙahonsa a aljihu.

Bakano_a_Austin:
Ɗan_Napoli ka tuna mini. Tun a daren farko an yi wannan rigimar. Clark da kansa ya riƙa ba da labarin cewa yana saukowa daga dandamali shugaban harkokin ɗalibai ya tare shi a fusace, yana tambayarsa ko ya san abin da wannan alamar ke nufi a tsibirin Sisili na Italiya. Ashe damuwar Kawu ba sabuwa ba ce, wani babba ya riga shi tun 1955, sai dai shi zagi ya hango, Kawu kuma shaiɗan.

Malam_Na_Zaure:
Bismillah. 'Yar'uwa mai tambaya, ki ji tausayin Kawunku, tsoronsa na mai ƙauna ne. Wanda bai damu da yaro ba ba zai tsaya duba yatsunsa a hoto ba. Amma jifan Musulmi da shiga ƙungiyar asiri a kan hoto babban al'amari ne, kuma an hane mu da yawan zato. Ayyuka suna tare da niyya. Yaro ya faɗi niyyarsa, mutanen garin sun tabbatar da abin da alamar ke nufi a wurinsu. A irin wannan, al'adar wuri ita ke fassara ishara. Shawarata ɗaya ce: tunda ta tayar wa mahaifiyarsa da hankali, ya cire hoton daga zauren, ya turo wani. Kwanciyar hankalin uwa ta fi hoto.

Gaskiya_Ɗaya:
Malam, da girmamawa, to ina batun kamanceceniya da su? Ko niyyarsa fara ce tas, wanda ya gani a nan gida ba niyyar zai gani ba, hannun zai gani.

Malam_Na_Zaure:
Shi ya sa na ce ya cire. Amma kamanceceniyar da ake tsoro ita ce ta abin da ya keɓanta da addinin wasu ko ibadarsu. Tambarin ƙungiyar wasa ba ibada ba ne. In ka ga ya fi maka ka guje ta, ka kyauta wa kanka, sai dai kada ka yanke wa ɗan wani hukunci.

Bazazzagiya:
Ku bari in ba ku nawa, don abin ya taɓa faruwa da ni ta ɗaya ɓangaren. Lokacin da nake karatu a waje, ranar farko da na gabatar da aikina a aji, wata malama Baturiya ta taso da fara'a ta buɗe tafin hannunta, yatsu biyar a ware, ta miƙo shi saitin fuskata. Wallahi sai da gabana ya faɗi, idona ya ciko. A raina na ce me na yi wa matar nan za ta yi mini daƙuwa a gaban mutane? Ashe jira take in tafa, yabo ne. Ta tsaya da hannu a sama, ni na tsaya ina kallonta, ajin ya yi tsit. Da na yi mata bayani daga baya ta riƙa ba ni haƙuri har na ji kunya. Tun ranar na daina saurin fassara hannun mutum kafin in san garinsu. Mu ma fa in baƙo ya ga mahaya sun zo a sukwane ranar hawan daushe sun dunƙule hannu sun ɗaga wa Sarki, zai iya ɗauka barazana ce, alhali jinjina ce.

Abu_Sadiq:
Bazazzagiya kin gama magana.

Ɗan_Dakoro:
Ni abin da ya ja hankalina shanun ne. Na buɗe hoton irin san da ake magana, sai na ga kamar ina kallon rahajin Baffana, sai dai namu ƙahon sama yake tashi yana murɗewa, nasu kuma gefe da gefe yake shimfiɗewa kamar an gicciye sanda. Kuma nasu ba tozo. Mu da muka tashi a bayan shanu mun san darajar ƙaho. Bafulatani yana iya ƙin sayar da saniya don kyan ƙahonta kawai, ko an taya ta da tsada. Ku je tafkin Chadi ku ga kuri, ƙahonta kamar an busa shi. In mutanen Texas suna taƙama da ƙahon shanunsu har suka mai da shi tambari, ni ban ga baƙon abu ba. Tambayata, san gaske suke da shi ko zane ne kawai?

Bakano_a_Austin:
Na gaske ne, Ɗan_Dakoro, da ransa da numfashinsa. Sunansa Bevo. Tun 1916 aka fara kawo sa filin wasa, in ɗaya ya tsufa ko ya mutu a naɗa wani, kamar sarauta. Na yanzu shi ne na 15, tun 2016 yake kai. Akwai ƙungiyar ɗalibai da aikinsu ke nan, su kawo shi a tirela su tsaya da shi a gefen fili. Ranar 1 ga Janairu 2019, kafin wasansu da Jami'ar Georgia, aka kawo karen da yake tambarin su Georgia kusa da shi don a ɗauki hoto, sai Bevo ya ture shingen ya yi kansa, masu kyamara suka watse. Bidiyon yana nan a YouTube. Asalin irin kuwa daga shanun da Sifaniyawa suka tsallako da su ne, suka bazu a daji ɗaruruwan shekaru, suka saba da fari da ƙaya.

Na taɓa shiga filin sau biyu. Yana cin mutum sama da 100,000. Idan aka zo rera taken makaranta kowa ya miƙe ya ɗaga hannu, duk inda ka waiga ruwan goro ne da yatsu biyu a sama. Kusa da ni wata tsohuwa ce, hannunta na rawa saboda tsufa, jikarta ta riƙe mata gwiwar hannun don kada ya sauka. Wannan matar ce za a ce tana bautar shaiɗan?

Sarkin_Fawa_Jr:
Su suna nuna ƙaho da yatsa, mu 'ya'yan mahauta hawansa muke yi. Ranar jajiberin salla ku zo ku ga hawan ƙaho na gaskiya.

Hadiza_Lauya:
Wani abu game da Harley Clark da ya kamata Kawu ya ji. Yaron nan mai zuga 'yan kallo lauya ya zama, daga baya alƙali a jihar Texas. A 1987 shi ya yanke hukuncin cewa tsarin raba kuɗin makarantun gwamnati a jihar ya saɓa wa kundin tsarin mulkinta, domin yankunan masu kuɗi suna samun ninkin abin da yankunan talakawa ke samu. Shari'ar Edgewood ke nan, kuma kotun ƙolin jihar ta tabbatar da matsayinsa a 1989. Ya rasu a 2014. Mutumin da ya fito da alamar sananne ne, rayuwarsa a fili take, ba wani ɓoyayye ba.

Baƙin_Gwal:
Duk na ji, amma tunda tarihi ake yi a yi shi gaba ɗaya. A daren 1955 da ake ta yabo, jami'ar ba ta gama buɗe wa baƙar fata ƙofar karatun digirin farko ba. Sai a 1956 ta buɗe musu ƙofar sosai a wannan matakin, kuma ko sashen shari'a sai da Heman Sweatt ya kai su har kotun ƙolin Amurka ya yi nasara a 1950. Ƙungiyar ƙwallon jami'ar da ta ci kofin ƙasa a 1969 duk farare ne. Sai 1970 Julius Whittier ya zama baƙi na farko da ya buga wa babbar ƙungiyar. Ni wannan ya fi damuna a kan maganar shaiɗan. Da Auta ya zo a wancan zamanin, ƙofar ma ba za a buɗe masa ba.

Yayar_Auta:
Baƙin_Gwal, jikina ya yi sanyi da na karanta wannan. Ban sani ba. Sai na koma na sake kallon hoton, shi da wani ɗan Ghana da 'yar Indiya da Turawa biyu da ɗan Meziko, duk hannu a sama a gaban hasumiyar. Yanzu wani irin kallo nake yi masa.

Bakano_a_Austin:
Abin da Baƙin_Gwal ya faɗa gaskiya ne, kuma har yau ana tattauna shi a cikin makarantar. Amma waɗanda aka hana shiga jiya, 'ya'yansu ne suka ɗaga sunan wurin. Earl Campbell ya ci kyautar Heisman, ta gwarzon ɗan ƙwallon jami'o'in Amurka, a 1977. Vince Young ne ya ciyo musu kofin ƙasa a Janairun 2006 da suka doke jami'ar USC 41 da 38. Kevin Durant na ƙwallon kwando nan ya yi. Har namu akwai: Joseph Ossai a Legas aka haife shi, Brian Orakpo da 'yan'uwan nan Sam da Emmanuel Acho iyayensu 'yan Najeriya ne. Duk sun ɗaga wannan hannun.

Aggie_Ɗan_Gombe:
Ni a jami'ar Texas A&M na yi, abokan hamayyarsu na gado, don haka ba kare su na zo yi ba. Amma gaskiya gaskiya ce, ba ruwan alamarsu da tsafi. Abin da nake so a sani shi ne mu muka riga su. Tamu babban yatsa ne a ɗage, ana cewa Gig 'em. Tun 1930 wani tsohon ɗalibi, Pinky Downs, ya fito da ita, shi ma kafin wasa da TCU. Laƙabin TCU kwaɗi masu ƙaho ne, gig kuma mashi ne mai yatsu da ake sukar kwaɗi da shi. Shekara 25 muna da tamu su ba su da komai, shi ya sa suka nemo. A jihar nan kusan kowace babbar jami'a da tata. Texas Tech bindiga suke yi da yatsu biyu, Baylor faratan beyar.

Mai_Tarihi77:
Ta Jami'ar Houston ta fi ban tausayi, inda Hakeem Olajuwon ya yi ƙwallon kwando a farkon shekarun 1980. Dabbarsu dangin damisa ce, sunanta Shasta. A 1953 ana kai ta Austin wasa ƙofar keji ta datse mata yatsa. 'Yan Texas suka riƙa naɗe yatsa ɗaya suna yi musu ba'a. Daga baya 'yan Houston suka karɓe abin gorin suka mai da shi alamarsu.

Matashi_02:
To ni na ga wasu suna yin ta a kife, yatsun na kallon ƙasa. Su kuma fa? Tsarin kambun bakan ne irin na Ɗan_Napoli?

Aggie_Ɗan_Gombe:
A'a, wannan tsokana ce, "ƙaho ya faɗi". 'Yan Oklahoma sun fi kowa yi, musamman a karawarsu ta kowane Oktoba a Dallas, inda ake raba filin biyu, rabi ja rabi ruwan goro. Abin ya yi zafi har akwai lokacin da alƙalin wasa kan hukunta ɗan wasan da ya yi ta a fuskar ɗan Texas.

Gaskiya_Ɗaya:
Na karanta duka. Shekarun da Mai_Tarihi ya kawo sun shige ni, ba zan musa ba. Amma ku ma ku yarda alamar hannu ba ƙaramin abu ba ce. A gasar ƙwallon ƙafa ta Turai ta 2024 ɗan wasan Turkiyya Merih Demiral ya yi mai kama da wannan bayan ya ci Austria, aka dakatar da shi wasa biyu. In wasa ne kawai me ya sa aka hukunta shi?

Hadiza_Lauya:
Waccan daban ce, ɗan'uwa. Kan kyarkeci ce: yatsun tsakiya suna haɗuwa da babban yatsa su miƙe gaba kamar baki, biyun na sama kunnuwa ne. Tana da alaƙa da wata ƙungiyar masu tsananin kishin ƙasa a Turkiyya, shi ya sa. Akwai ma ta uku, in ka bar babban yatsa a ware, a maganar hannu ta kurame a Amurka "ina ƙaunarka" ke nan. Yatsa ɗaya ke raba su.

Kuma ba Kawu kaɗai ya taɓa ruɗewa ba. Ranar 20 ga Janairu 2005, wajen rantsar da George W. Bush karo na biyu, masu badujalar Jami'ar Texas suna wucewa sai shi da iyalinsa suka ɗaga musu alamar. 'Yarsa Jenna can ta gama a 2004, matarsa Laura ma can ta yi digiri na biyu. A Norway mutane suka ga hoton suka ɗauka gaisuwar shaiɗan ce, sai da jaridu suka yi bayani.

Ɗan_Siyasa:
Mu ma ai a 2019 mun ga yatsu huɗu da huɗu, kowa ya san abin da ake nufi ba sai an...

Mai_Kula_da_Zaure:
Ɗan_Siyasa, don Allah a tsaya nan. Dokar zaure ta hana siyasar gida. A koma kan tambayar baiwar Allah.

Ummu_Khadija:
Yayar_Auta, ya jikin Hajiya? Ta ci wani abu?

Yayar_Auta:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Bayan la'asar na zauna kusa da ita a kan tabarma na karanta mata abin da Bakano da Mai_Tarihi da Malam suka rubuta, a hankali, ina fassara mata sunayen. Labarin Bazazzagiya ne ya sa ta murmushi, karo na farko tun Asabar. Sai ta ce a nuna mata san. Na buɗe mata hoton Bevo, ta karɓi wayar ta matso da ita kusa da ido ta daɗe tana kallo, ta ce wannan ƙahon ta ina yake shiga garke. Da dare Auta ya kira ta bidiyo, ta sa shi ya karanta mata Ayatul Kursiyyu, ya karanta, ta yi kuka ta sa masa albarka. Ta sha kunu kofi biyu. Ya cire hoton kamar yadda Malam ya ce, ya turo wanda yake riƙe da takardar shaidarsa.

Kawu dai yana nan a kan bakansa. Ya ce ya ji tarihin, amma sai yaron ya dawo ya zauna gabansa sun yi magana ido da ido.

Gaskiya_Ɗaya:
Alhamdu lillah da Hajiya ta samu sauƙi. Ni ma ina tare da Kawu a nan, a bari ya dawo su zauna. Ba laifi ba ne babba ya tambaya.

Ɗan_Dakoro:
Ki gaya wa Hajiya karkata kai suke yi su shigar da ƙaho ɗaya tukun, sannan ɗayan ya biyo. Rahajinmu ma haka suke yi a ƙofar shinge. Bakano, in ka sake zuwa filin ka ɗauko mini hoton Bevo ta gefe, ina son in ga ƙirjinsa da ƙafafunsa, zan nuna wa Baffa.